Giwa da dodon koɗin teku: wanne ya fi wuyar farfaɗowa idan ya kusa ƙarewa?

Malamar SVT, Tawa
Assalamu alaikum ƴan zaure. Akwai misalin da ake yawan ba ɗalibai a SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, idan an zo darasin hayayyafa: a ajiye giwa a gefe guda, dodon koɗin teku a ɗaya gefen. Giwa ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wata 22, ta shayar da shi shekara biyu ko fiye, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara huɗu zuwa biyar. Shi kuwa dodon koɗi ya zuba ƙwai dubu ɗaruruwa a ruwa ya yi gaba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa giwa ce abin tausayi, shi ko da shebur aka kwashe shi zai dawo. Rabin farko na maganar daidai ne. Rabin ƙarshen ne bai kwanta mini ba. Baban Nana, Yaya Ƴar Gamkalle, ku da kuka san daji da ruwa, ku sa mana baki.

Baban Nana
Wa alaikumus salam Malama. Bari in fara da lissafin giwa, don komai daga nan yake tashi. Macen giwar fili tana fara haihuwa ne bayan ta haura shekara goma, tana iya rayuwa shekara 60 zuwa 70. Idan Allah ya ba ta tsawon rai ba za ta wuce ƴaƴa kamar goma ba. Garken da ba a taɓa shi, ga ruwa ga ci, yana ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 a shekara, in ya yi matuƙar ƙoƙari 7. Da kashi 5, sai an yi shekara 14 kafin ya ninka. Ke nan da zarar kisa ya haura wannan ɗan kason, garke ya kama hanyar ƙarewa, ko da ana ganin ƴan ƙanana suna bin iyayensu.

Abin da ya faru ke nan. Babbar ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashen Afirka 18, wadda aka fitar a 2016, ta samu giwayen fili 352,271, sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. Kuma mai neman haure ba ya harbin ƙarami. Toro yake nema, in bai samu ba ya faɗa kan tsohuwar da ke jan garke. Ita ce ta san inda ruwa yake saura a watan Afrilu, ita ta san hanyar da aka bi a farin da aka yi shekara talatin baya. Idan ta faɗi, an rasa uwa an kuma rasa jagora.

A gandun W namu na Nijar, mai hekta 220,000, wanda aka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996 sannan aka haɗa shi da gandun Arly na Burkina Faso da Pendjari na Benin a 2017, rani ne yake tona asirin giwa. Babba tana cin ciyawa da ganye da ɓawon itace wajen kilo 150 a rana, ta sha lita 100 zuwa 200. Dole ta zo kududdufan gulaben Tapoa da Mekru ko bakin kogin Kwara. Ɓarawo ya san haka.

Ƴar Gamkalle
Sannu da ƙoƙari Baba. To ga ɓangaren ruwa. A tekun Karibiyan akwai wani ƙaton dodon koɗi mai baki ruwan hoda, sunansa na kimiyya Aliger gigas, da can ana ce masa Strombus gigas. Macensa tana zuba ƙwai wajen dubu 400 a zubi ɗaya, kuma tana zubi sau da yawa a shekara. Idan aka bi lissafin littafi, wannan ba ya ƙarewa. Amma jihar Florida ta Amurka ta hana kama shi gaba ɗaya tun tsakiyar shekarun 1980, har yau bai dawo yadda za a sake buɗe kamun ba. An sa shi a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, a 1992, a 2024 kuma Amurka ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazana.

Dalili ɗaya ne babba: sai namiji ya isa wurin mace kafin a samu ƙwai mai rai, shi kuma tafiyarsa a hankali ce. Binciken da aka yi a tsibiran Bahamas ya nuna idan manya suka yi ƙasa da kamar 50 a hekta ɗaya, barbara tana tsayawa. Ba su mutu ba, ga su nan kwance cikin ciyawar teku, amma ba sa haɗuwa. Mai nutso ya gan su ya ce akwai saura, alhali tsofaffi ne da ba magada.

Na wani dangin da ake kira abalon ya ma fi muni. Su maniyyi da ƙwai suke saki a ruwa, ruwa ya haɗa. Idan tazarar namiji da mace ta wuce ƴan mitoci, ruwa ya sirka komai, ƙwai miliyan ya tafi a banza. Farin abalon na gaɓar Kalifoniya haka ya faɗa, ya zama halittar teku marar ƙashin baya ta farko da Amurka ta sa cikin masu gab da ƙarewa, a 2001. A ƙarshen 2022 ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta ce iri 20 cikin 54 na abalon ɗin duniya suna cikin haɗari.

Mai Lissafi
Hajiya, na ji, amma ban sauka daga ra'ayin littafi ba tukuna. Dodon koɗi ana kiwonsa a kwandon ruwa da tankuna, Sin da Afirka ta Kudu suna noman abalon suna sayarwa. Ƙwai dubu 400 a hannun mai kiwo dukiya ce. Wa zai kiwata giwa dubu a tanki? Ita fili take so, filin kuma gonaki da dabbobi suna cinye shi kullum.

Ƴar Gamkalle
Maganarka ta fili gaskiya ce, ƙanena, ba na ja. Amma kiwo don kasuwa daban, mayar da dabba gidanta daban. Wanda aka raina a tanki bai san maƙiyi ba, sau da yawa ƙwaryarsa ba ta kai ta na daji kauri ba, ba ya saurin binne kansa cikin yashi. A zuba dubu, ƙaguwa da kifi su cinye mafi yawa kafin su girma. Kuma shi wancan na Karibiyan sai ya yi shekara uku da rabi zuwa huɗu kafin ya balaga. Ga wani kuskure da dokokin kamu suka daɗe suna yi: suna auna tsawon ƙwarya. Alhali yana gama tsawo kafin ya balaga, daga nan leɓen ƙwaryar ne yake buɗewa yana kauri. Abin da ya kamata a auna shi ne kaurin leɓen, wajen milimita 15. Wanda leɓensa ke kamar takarda, duk girmansa, bai taɓa haihuwa ba.

Baban Nana
Bari in ba Hajiya hujja daga daji, ko da yake za ta zama kamar na ci gidanmu. Gandun Addo na Afirka ta Kudu an kafa shi a 1931 da giwaye 11 kacal. Yau sun haura 600. Me ya sa? Giwa tana neman ƴar'uwarta da ƙafa. Tana da wani gurnani mai zurfi da kunnen mutum ba ya kamawa, yana tafiya kilomitoci, toro ya ji mace tana shirye ya taso. Ko sun rage goma sha ɗaya, za su haɗu. In an tsare su daga harsashi aka ba su ruwa da fili, sannu a hankali sai sun cika wurin. Amma akwai tabo: mafi yawan matan Addo ba su da haure, don daga ƴan tsirarun iyaye suka fito. A Gorongosa ta Mozambik ma, bayan yaƙin basasar 1977 zuwa 1992, kusan rabin matan da suka tsira marasa haure ne, domin masu haure aka fi kashewa. Haure kuwa kayan aiki ne, da shi take tonon ruwa a busasshen gulbi, da shi take ɓare kuka.

Dakta Na-Yamai
Allah ya ƙara sani. Ni gyarana a tushen kwatancen yake. Giwa iri uku ce a duniya: ta fili, ta kurmi, da ta Asiya. Dodon koɗin teku kuwa iri dubun dubata ne. Cewa "dodon koɗi yana zuba ƙwai da yawa" kamar a ce "tsuntsu yana cin hatsi" ne, an manta da shaho. Ku duba nan kusa da mu. A Senegal akwai wanda suke kira yet, Cymbium a kimiyyance, wanda ake shanyawa a sa a shinkafa da kifi don ƙamshi. Shi ba ya watsa ƙwai. Uwar tana riƙe ƴaƴan cikin wata jaka a naman ƙafarta har su yi ƙwarya, ta sake su ƴan kaɗan, ana iya ƙirga su. Duk wadda taru ya kwaso da ciki, an kwaso ta da zuriyarta. Ta wannan fuskar ya fi kusa da giwa a kan abalon.

Sai gyara na biyu ga Baba, da neman afuwa. A 2021 IUCN ta raba giwar Afirka gida biyu: ta kurmi tana gab da ƙarewa, ta ragu da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31, ta fili tana cikin haɗari, ta ragu da aƙalla kashi 60 a shekara 50. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna giwayen yankin W da Arly da Pendjari suna ɗauke da jinin ta kurmi sosai, duk da a fili suke zaune. A Dzanga ta Afirka ta Tsakiya an ga macen giwar kurmi ba ta fara haihuwa sai wajen shekara 23, tazarar haihuwa kuma shekara biyar zuwa shida. Alƙaluman kurmi mai duhu ne, kada a ɗora su kai tsaye a kan W, amma sun isa su sa mu daina ɗaukar lissafin giwayen fili na gabashin Afirka kamar namu.

Baban Nana
Gyara ya karɓu Dakta. Duk wanda ya ƙura wa giwar W ido ya san ba ta kai ta gabashin Afirka jiki ba.

Malamar SVT, Tawa
Dakta, tunda kana kusa, ka taɓa mana ɓangaren jiki. Yara sukan ce haure da katantanwa duk ƙashi ne.

Dakta Na-Yamai
Ko ɗaya ba ƙashi ba ne, Malama. Haure haƙorin gaba ne na sama da ba ya daina tsiro. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yana binne cikin ƙoƙon kai, da jijiya da jini a ciki, shi ya sa ɓarawo ba ya samunsa cikakke sai ya sare fuska. Idan aka yanka shi a kwance aka goge, ana ganin layuka masu gicciye juna kamar saƙar tabarma, ana ce musu layukan Schreger. Ƙashin saniya ba shi da su, ƴan ɗigo-ɗigon ramukan jini ne da shi. Roba kuma sumul take. Ma'aikacin duwan da gilashin ƙara girma a aljihu zai raba su cikin minti ɗaya.

Katantanwa kuwa alli ce, irin sinadarin farar ƙasa. Wata fata mai laushi da ke lulluɓe jikin dodon koɗin ita ke ɗebo sinadarin daga ruwa tana ɗora shi a bakin ƙwarya, layi bisa layi. Tsinin can sama shi ne gidansa na jariri.

Inda suka yi kama da ban mamaki shi ne haƙoran ci. Turmin giwa ba daga ƙasa yake tsirowa ba kamar namu. Daga bayan muƙamuƙi yake tahowa yana turo na gaba, na gaban ya lalace ya gutsure ya faɗi. Sau shida ake yin haka a rayuwarta. Na shidan ya kai bulo ƙarami, ya haura santimita 20, yana shigowa tsakanin shekara 30 da 40. Idan ya cinye, tsohuwa ta koma bakin fadama neman ciyawa mai laushi har yunwa ta kayar da ita. Dodon koɗi ma yana da harshe mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari, sababbi suna tahowa daga baya, tsofaffi suna zubewa a gaba. Sai dai nasa ba ya ƙarewa. Jininsa kuma, a mafi yawansu, shuɗi-shuɗi ne, don jan ƙarfe ke ɗaukar iska a cikinsa maimakon baƙin ƙarfen da ke namu da na giwa.

Mai Lissafi
To duk na yarda. Amma mu da teku mafi kusa ke nesa da mu da ɗaruruwan kilomita, me ya haɗa mu da shi? Giwa dai tamu ce, doka mai lamba 98-07 ta 1998 ta kare ta.

Ɗan Adar
Ƙanena, wanga zance naka shi na tashe ni. Ka sa hannu aljihu: abin da kake kira kuɗi, jam'in wuri ne. Wuri kuwa dodon koɗin teku ne, Monetaria moneta, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya anka riƙa kawo shi. Can sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa marar zurhi, wuri shi manne, a jawo, a baza bisa yashi har naman shi ruɓe, a wanke a ɗure. Lokacin da matafiyin Jamus Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal guda. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ɗin ƴan kasuwar Jamus sunka fara lodo wani iri mai zobe daga Zanzibar, ya yi yawa har darajar wuri ta zube. Ka ɗauki guda daga ɗamarar ɗan kokowa ka duba: ƙyallin bayansa ba gogewa ba ce, fatar dabbar ce ke fitowa ta lulluɓe ƙwaryar daga waje tun tana da rai. Tsagar nan mai haƙora ta ciki, nan ne ƙoharta.

Kuma ga abin da zai daɗaɗa maka rai: an yi ɗaruruwan shekaru ana kwasar wuri jirgi-jirgi, har yau shina nan da yawa. Ƙarami ne, shina balaga da wuri, ya bazu daga gabashin Afirka har tsakiyar tekun Pasifik. Ga wanda lissahin littahi ya yi daidai a kansa.

Na biyu, teku ta taɓa kwanciya nan inda muke. Wajen shekara miliyan 60 baya wani hannun teku ya ratso Sahara ya ruhe Adar. Farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza ana siminti da ita, tarin ƙwaryar halittun wagga teku ce. A gangaren duwatsun Adar, inda ruwa ya zaizaye, ana tsintar dodon koɗi da ya koma dutse, da kawa, da bushiyar teku. Sau da yawa ƙwaryar ta narke, lakar da ta cika cikinta ce ta daskare ta ɗauki siffarta, shi ya sa za ka ga murɗin sumul babu ado. A daidai wancan zamani, dangin giwa mafi tsufa da anka tono, Eritherium na ramukan fosfat na Maroko, nauyinsa ƴan kiloli ne, bai hi babbar kyanwa ba.

Ƴar Gamkalle
Madalla Yaya Ɗan Adar. Misalin wuri ya nuna tambayoyin da ya kamata a yi wa kowane iri: shekara nawa kafin ya balaga, ta yaya namiji ke samun mace, kuma faɗin wurin zamansa nawa ne. Na ukun nan shi ke kashe wasu. A tsibiran Kap Ber akwai dodon koɗi masu dafi na dangin Conus waɗanda ƴaƴansu ba sa yawo a ruwa, inda aka haife su nan suke zama, har wani irin a gaɓa ɗaya tak ake samunsa. A gina otal ko a kwashe yashin wurin, an gama da shi. Daga dafin wani ɗan'uwansu, Conus magus, aka samo maganin ciwo mai tsanani Prialt, da aka amince da shi a 2004. Akwai kuma wani dodon koɗi mai sulken ƙarfe a ƙafa da ke zaune bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan tekun Indiya, zurfin fiye da mita 2,400. A 2019 aka sa shi cikin masu haɗari tun kafin a taɓa shi, saboda shirin haƙar ma'adinai a ƴan wuraren da yake.

Don adalci ga Mai Lissafi, akwai inda suka dawo da sauri. Fentin ƙasan jirgin ruwa mai sinadarin TBT ya riƙa sa matan dodon koɗi tsiro da gaɓar maza har ta toshe hanyar ƙwai. Da aka hana shi a duniya a 2008, waɗanda ke gaɓar Turai suka farfaɗo. Amma can guba aka cire, manyan suna nan kusa da juna.

Baban Nana
Ƙidaya ma kowanne da inda take ruɗi. Ta giwa ana yin ta ƙarshen rani, ganye ya zube, jirgi yana tafiya kamar mita 90 daga ƙasa a kan layuka miƙaƙƙu, mutum biyu a baya kowa na ƙirga abin da ya faɗo cikin zirin gefensa. Idan rana ta take, garke ya shige inuwar bakin gulbi, sai a samu adadi ƙasa da gaskiya. Kuma namu ba su san iyaka ba, yau suna Nijar gobe Benin, dole ƙasashen uku su ƙirga lokaci ɗaya. Rashin tsaron yankin a shekarun nan ya sa wannan aiki da sintiri duka sun yi wuya.

Manomin gefen gandu kuma kada a manta da shi, dare ɗaya garke ke cinye masa shekara. Buga gwangwani da hura wuta suna aiki ƴan kwanaki, giwa ta gane babu komai a ciki. Igiya da tsumma da aka shafe da dakakken barkono da baƙin man mota sun fi, sai dai ruwan sama yana wanke su, sai an riƙa sabuntawa. Shingen amya da aka gwada a Kenya, amya ɗaya kowane mita 10 an haɗa su da waya, in giwa ta taɓa wayar duka su girgiza, yana aiki ne kawai in akwai ƙudan zuma a ciki. Da rani in ba a ajiye musu ruwa kusa ba sai su gudu, dage kuma yana fasa amyar da aka rataya ƙasa-ƙasa.

Ƴar Gamkalle
A ruwa kuma mai nutso yana bin igiya mai tsawon da aka sani, ya ƙirga abin da ke dama da hagu. Dole ya juya kowace ƙwarya, don da yawa babu mai gidan, ƙaguwa ce ta tare a ciki. Kuma kada a raba jimilla da faɗin teku duka. Inda suka taru don barbara, nan ake auna cunkoso, nan ne kuma ya kamata a fara rufewa.

Malamar SVT, Tawa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ke nan a allo giwa za ta tsaya a gefe guda, ɗaya gefen kuma a raba shi uku: wuri, abalon, da yet. Saura gwajin da yara za su yi da hannunsu kan bambancin haure da katantanwa. Dakta, binegar ya isa?

Dakta Na-Yamai
Ya isa, ko ruwan lemun tsami. A kankare wuri da magagari tukuna a tara garin, don ƙyallin bayansa yana jinkirta abin. A madadin haure a sa haƙorin rago, sinadarinsu ɗaya, kada kowa ya je neman na gaske. A ɗiga a kan kowanne: garin wuri zai yi kumfa, haƙori ba zai nuna komai ba. Daga nan a yi musu bayanin tsamin teku da ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur da yawa, wanda ke sa ƙananan masu siririyar ƙwarya wahalar gina ta.

Ɗan Adar
Malama, ki ƙara da ɗan gutsuren farar ƙasa na Malbaza a faranti na ukku, shi ma zai yi kumfa kamar wurin. In yara sunka tsinto na dutse a gangare, a rubuta wurin da anka same shi da ranar bisa takarda a naɗe tare, a aje a lakwal. Wanda anka raba da wurinsa ba a iya sanin daga wane shimhiɗin dutse ya hito.